Likkafanin Iya da daminar Fatakwal

Da sunan Allah nake buɗe baki, shi ne ya ara mini kwanakin da suka kawo ni yau. Ni ban yi boko ba, saboda haka ina faɗa, jikata Hadiza tana rubutawa, na kuma ja mata kunne kada ta gyara mini magana. Abin da ya tayar da wannan babi, 'yar ƙanena ce ta aiko daga Gezawa, an tura ɗanta aiki Fatakwal, tana tambaya me zai riƙo, me zai bari. Kafin in ce uffan sai autana Bala ya ce ai a tambayi Hajiya, ita tun ranar da ta sauko daga mota ta san garin nan kamar yunwar cikinta. Wannan magana ba haka take ba, kuma na daɗe ina jin kuna yawo da ita. Na iso ƙasar nan ban san komai ba. Ku zauna ku ji yadda aka yi na sani.

Kakanku, wanda nake ce wa Malam, ya riga ni sanin kudu. Tun yana saurayi yake sayar da wake da albasa a Fatakwal. Da rigima ta tashi sai ya fito da rigar jikinsa kawai, wata uku mahaifiyarsa ba ta san ko yana raye ba. A zaman da ya yi a gida lokacin yaƙi aka ɗaura mana aure. Bayan an daina harbi, hanya ta buɗe, sai labari ya riƙa zuwa cewa kuɗin mai ya sauka a Fatakwal, Turawa da ma'aikata sun cika gari, duk abin da ka kai kasuwa ba ya kwana. A shekarar da motoci suka bar hannun hagu suka koma dama, Malam ya ce zai koma, kuma da ni zai tafi. Mahaifiyarsa, Iya, ta ce da ita ma. Shi ne ɗanta na fari, shi kaɗai kuma ya rage mata, ba ta taɓa kama sunansa ba har ta bar duniya, sai dai ta ce mutumin nan. Aka yi ta ba ta baki, ana ce mata ga tsufa, ga ido ya yi rauni, ga nisa. Ta ce ta riga ta ɗanɗana zaman jiran labari, ba za ta sake ba, in mutumin nan zai shiga ruwa to su shiga tare.

Iya ba ta da dukiya, amma tana da abu guda. Shekaru da yawa kafin a san za a haife ku, ta je Makka tare da mijinta. Ta tafi da farin alawayyo wanda zai ishi mace likkafani har da saura, ta tsoma shi cikin ruwan zamzam da hannunta, ta shanya a kan duwatsu masu zafi, kafin la'asar ya bushe ƙayau. Mijin nata a can ya rasu, a can aka binne shi. Ita ta dawo da yadin. Ba a yanka shi ba, a naɗe yake cikin wata 'yar adakar ƙarfe tare da kanumfari da kafur. Sau ɗaya take buɗe shi a shekara, gab da azumi, ta shafa, ta sansana, ta mayar. Ana gobe za mu tashi ta kira ni ɗakinta, ta kwance makullin daga bakin zanenta ta ɗaura a nawa.

"Asabe, idona ya tafi, naki yana nan. Ko me zai ɓace a hanyar nan, ban da wannan. A cikinsa nake so in je wurin Ubangijina."

Na ce in Allah ya yarda, Iya.

Na shirya kaya irin shirin da uwata ta koya mini. Na daka kuka, na yanka kuɓewa na shanya, na ƙulla daddawa da barkono da kanwa, na ɗauki takalman fata na Malam, da buzun sallarsa, da bargo biyu. Ban riƙo lema ba, don lokacin da muka bar Kano bazara ce, ƙasa tana ƙuna, ko gajimare babu. Ga abu na farko da za ku gaya wa duk mai zuwa: daminar kudu ba ta jiran tamu. Tana riga ta zuwa, tana kuma daɗewa bayan tamu ta ɗauke. Jirgin ƙasa muka shiga. Kwana biyu muna tafe, ƙasa tana sauya kama a taga. Kukoki suka ƙare, giginya ta ƙare, muka haye babbar gadar Makurɗi, Iya tana ta salati don ta ji ƙarar ruwa a ƙarƙashinmu, daga nan sai kwakwar manja da daji mai duhu wanda ba ka ganin ƙarshensa. Adakar nan kuwa ba ta bar cinyata ba. Malam yana mini tsiya wai ko jariri ne sai an sauke shi ya huta.

A Inugu muka sauka, don ƙafafun Iya sun kumbura, kuma Malam yana so ya gai da tsohon maigidansa da ke zaune kusa da kasuwar Artisan. Wannan ma darasi ne: baƙo ba ya shiga garin kudu kai tsaye, sai ya nemi unguwar Hausawa, ya yi sallama da liman da manyan wuri, su za su nuna masa inda zai kwana da inda ba zai taka ba. Matar maigidan, Goggo Delu, ta fi shekara talatin a can in ka cire shekarun yaƙi. Da yaren Ibo take ciniki, miyarta ja wur da manja. Ta zazzage kayana a tsakar gida tana dariya. Ta ɗaga bargo ta tambaye ni ko gawa zan rufe da shi. Ta ɗaga takalman Malam ta ce waɗannan kafin wata guda za su tsiro gemu, su riga mai su. Washegari ta ja ni kasuwa, ta sa aka saya mana lema, da takalman roba, da gidan sauro uku. Ta ce ruwan sha a tafasa shi ko da ya fi hawaye haske. Ta ce ashana a sa ta cikin kwalba a toshe, gishiri a ajiye kusa da murhu, wanki kada a tara shi don ba ranar da za ta busar da shi gaba ɗaya. Ta ce in jiki ya yi zafi kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a tafi asibiti, sauron ƙasar nan ba irin namu ba ne. Can sai idonta ya faɗa kan adakar. Na gaya mata abin da ke ciki, murya ƙasa-ƙasa. Ta daina dariya.

"'Yar nan, akwatin da kika rufe a ƙasar nan ba ajiye shi kika yi ba, dafa shi kike yi. Duk ranar da rana ta leƙo, buɗe shi ya sha iska."

Na ce to, Goggo. Amma a zuciyata na ce wannan baiwar Allah ta daɗe a kudu har ta manta da kunya. Wa ya taɓa shanya likkafani a tsakar gida? Mu a wurinmu abin da ake tsoro ƙura ce da ɓera da gara, maganinsu kuwa rufewa. Abu mai daraja a ƙasan adaka yake zama, shekara goma ka ɗauko shi kamar jiya aka sa.

Daga Inugu babbar mota mai bodin katako muka hau. Direba ya ce ba mai riƙe akwati a cinya, wuri ba zai isa ba, aka ɗora adakar a sama aka ja tamfol. Hanya duk ramuka, gadoji wasu na wucin gadi ne, gidaje a gefen titi bangonsu duk hudar harsashi. Kafin mu kai Aba sama ta buɗe. Ban taɓa ganin ruwa irin wannan ba, ba iska, ba tsawa, zuba kawai kamar ana juye randa. Da muka sauka a Fatakwal na karɓi adakar, na goge bayanta da gefen zanena. Da muka shiga ɗaki na buɗe kaɗan na zura hannu. Yadin bai jiƙe ba, sanyi-sanyi kawai na ji. A gida irin wannan sanyin kafin ka juya ya tafi da kansa. Sai na sami leda, wadda a lokacin sabon abu ce, na naɗe yadin a ciki tam, na mayar, na kulle, na ɗora adakar a kan bulo biyu a lungun ɗaki, na lulluɓe ta da bargon nan da Goggo ta yi wa dariya. Na ce yanzu ko kogi ne ya shigo ba zai taɓa shi ba.

Gidan da muka kama na haya ne, ɗakuna suna kallon juna, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Mu ne kaɗai Hausawa a ciki, ko da yake masallaci da sauran 'yan uwa suna bayan layi. Ɗakin da ke kallon namu na wata tela ce, Mama Ngozi. A Zariya aka haife ta, Hausa a bakinta kamar tawa. Ita ma dawowa ta yi. Kafin yaƙi mijinta yana da gida a nan Fatakwal, da suka dawo suka tarar da wasu a ciki, miji kuma bai daɗe ba ya rasu, ta koma ɗaki guda da keken ɗinkinta. Tun ranar farko ta ɗauki Iya kamar uwarta. Takan zo ta durƙusa ta ce Iya ina kwana, Iya ta ce Ngozi yaushe za ki musulunta in samo miki miji, ita kuma ta ce sai Iya ta fara cin miyar ganye da dodon koɗi. Ita ce ta fara kai ni kasuwar Oil Mill ranar Laraba, lokacin kasuwar ba ta kai yadda kuka san ta ba, ta nuna mini yadda ake zaɓen garin kwaki da busasshen kifi.

Abin da ya fi ba ni mamaki a gidan shi ne, da zarar rana ta tsaga gajimare sai ka ji wata ta ɗaga murya da Turancin broka, sun don come, make una bring am out, wato rana ta fito, ku fito da kaya. Nan take kowa sai ya yi waje da kayansa. Katifa, akwati, takalma, littattafai, har kayan da mace ba ta nuna wa kowa, duk a baje a kan igiya da kwanon rufi. Ni sai in ja labule. Mama Ngozi ta yi mini magana sau biyu, ta ce matar Malam, ke ba ki da akwati ne? Na ce namu ba ya son rana. Ta dube ni, ta koma kan kekenta.

Ana nan, ana nan, wata biyu ruwa bai ɗaga ba. Gishirina ya zama ruwa a kwano. Kuka ta dunƙule ta zama dutse. Daddawa ta yi gashi fari. Wata safiya Malam ya jawo takalmansa daga ƙarƙashin gado zai je ɗaurin aure, sai ga su kore shar, ya ɗaga su yana dariya yana cewa ga gemun da Goggo Delu ta yi alkawari. Shi yana dariya, ni hankalina ya tafi kan adakar Iya. Na jira ya fita, na jira Iya ta yi azahar ta kishingiɗa, na ɗauki adakar na shiga da ita ɗakin girki. Bargon da kansa ya yi nauyi. Makulli ya yi tsatsa, da ƙyar ya juya. Warin ne ya fara dukana. Cikin ledar ruwa ya taru kamar gumi. Na warware yadin, sai ga funfuna baƙa ta bi kowane ninki, wani wuri ɗigo-ɗigo, wani wuri kamar an zuba tawada. Inda ya kwanta a ƙasan adaka tsatsa ta ci shi, da na ja sai ya rabu a hannuna kamar jiƙaƙƙiyar takarda.

A nan Mama Ngozi ta same ni zaune a ƙasa. Ba ta ce na gaya miki ba. Ta tambaye ni yadin mene ne, na faɗa mata. Ta san zamzam, ta girma cikinmu. Ta ce a wanke da lemun tsami da gishiri a shanya, wani tabon zai fita. Na ce in na wanke, ai zamzam ɗin zan wanke. Ta ce in ba ki wanke ba, gobe ba za ki sami abin wankewa ba. Muka wanke shi a bayan ɗakinta, muka shanya a cikin kayan ɗinkinta don kada kowa ya gane. Kwana uku muna fitarwa muna mayarwa. Wari ya tafi. Tabo bai tafi ba, inda ya ruɓe kuma ya ruɓe.

Na gaya wa Malam. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba, ya ce shi ne da laifi, shi da ya san ƙasar. Sannan ya ce Iya ba za ta ji wannan ba, in ta ji zuciyarta ba za ta ɗauka ba. A makon yana da tafiya Anacha ɗauko kaya. Ya yanki ɗan ƙyalle ya sa a aljihu, ya shiga babbar kasuwar nan ta bakin kogin Kwara, wani ɗan uwa mai canji ya raka shi layin 'yan yadi, suka yi ta gwadawa har suka sami alawayyo iri ɗaya sak. Ya kawo mini. Ku ji da kyau, don a nan ne nawa laifin yake, ba a funfuna ba. Ni na wanke sabon yadin sau uku don sitacinsa ya fita. Ni na murza shi ya yi laushi kamar tsoho. Ni na naɗe shi yadda Iya take naɗewa, na zuba kanumfari da kafur. Tsohon kuwa na ƙulle shi na ba Mama Ngozi ajiya.

Da azumi ya matso Iya ta ce a ɗauko mata. Na ɗora mata a cinya. Ta shafa, ta kai hancinta, ta daɗe a haka. Ta ba ni labarin duwatsun nan masu zafi, da yadda mijinta ya riƙe gefe ɗaya ta riƙe ɗaya suna karkaɗewa. Sannan ta lalubo kaina ta dafa.

"Kin riƙe amana, Asabe. Yadda kika rufa mini asiri Allah ya rufa miki."

Na ce amin.

Bayan salla zazzaɓi ya kama ta. Ba ta son gidan sauro, ta ce kamar an sa ta a kabari tun ba ta mutu ba, takan ɗage shi in mun ba da baya. Wannan karon na ji maganar Goggo Delu, ban tsaya jiƙa sabara ba, muka kai ta asibiti aka yi mata allurai. Amma jikin tsufa ne, ta yi kwanaki ba ta san wanda ke kanta ba. Ranar da ta farfaɗo ta kira mu ta yi wasiyya. Ta ce kada a wahalar da kowa a ce za a kai ta gida, ƙasa duk ta Allah ce, a binne ta a nan. Ta ce ita hankalinta kwance yake, tunda tufafinta yana nan.

Na rasa inda zan sa kaina. Na je gidan limamin unguwa, matarsa ta yi mini iso, na tsaya daga bayan labule na yi tambaya kamar ta wata ce. Na ce wata mata ce aka ba ta ajiyar likkafani ya lalace, ta sauya da wani, mai shi ba ta sani ba. Liman ya ce likkafani ba a neman komai a wurinsa sai ya zama mai tsarki, na halal, ya rufe jiki, wanda aka tsoma a zamzam da wanda ba a tsoma ba duk suna isarwa. Na ji sanyi, har na yunƙura zan tashi. Sai ya ƙara da cewa:

"Amma ki gaya wa matar nan, ba maganar yadi ce ta hana ta barci ba. Ta san abin da ya hana ta."

Na gaya wa Malam zan faɗa. Ya ce bai yarda ba. Tunda aka kawo ni gidansa ban taɓa tsallake maganarsa ba sai ranar. Na bari Iya ta fara cin abinci, ta fara zama da kanta. Wata hantsi, Malam yana kasuwa, na karɓo ƙullin daga wurin Mama Ngozi, na durƙusa a gaban Iya, na ɗora mata shi a cinya. Na faɗa mata tun daga kan motar Inugu har zuwa wanki uku. Ban sa sunan ɗanta ba, amma ta san ni ban san hanyar Anacha ba. Ta warware ƙullin, yatsunta suna bin yadin har suka faɗa cikin wata huda, suka tsaya a nan.

"Ranar da na sa miki albarka, wanne ne a hannuna?"

Na ce sabon ne, Iya.

Ta ce in tashi in ba ta wuri.

Kwana tara ba ta yi mini magana ba. In na kai abinci sai ta ci, in na kai ruwan alwala sai ta karɓa, amma ko sannu. In na gaishe ta sai ta ɗaga hannu kawai. Malam ma ya ɗauke mini wuta, yana cin tuwona yana kallon bango. Shi ma bai tsira ba, in ya shigo gai da Iya sai ta juya fuska ta ce a gaya wa mutumin nan ta ji. Gidan ya yi mini faɗi. Mama Ngozi ce kaɗai take shiga wurinta, ina jin muryoyinsu ƙasa-ƙasa, ban san me suke cewa ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Na fara tunanin ko Gezawa za a mayar da ni, ga shi lokacin ina da cikin fari.

Rana ta goma gari ya waye da rana tas, irin wadda ba a cika samu ba. Matan gida suka yi kiran da suka saba, kowa ya yi waje da kayansa. Sai na ji Iya daga ɗaki tana cewa, Asabe, kawo tabarma tsakar gida, ki ɗauko su duka biyun, ki kira mini Ngozi ta zo da almakashinta. Na ce tsakar gida, Iya? Ta ce ɓoyon ai shi ya kai mu inda muke. Muka shimfiɗa tsohon yadin a gaban kowa, ga katifun mutane, ga takalmansu. Da matan gidan suka ji ko mene ne, sai wata ta janye 'ya'yanta gefe. Iya ta ce wa Mama Ngozi ta bi shi taku-taku, duk inda ya yi ƙwari ta faɗa mata. Mama Ngozi tana ja tana gwadawa, tana cewa nan ya mutu, Iya, nan ma ya mutu, nan da saura. Iya ta ce Ngozi, ke da ba ki salla, yau ga ki kina yanka likkafanin Hajiya. Ita kuma ta ce in an shiga Aljanna da shi a tuna wa ya riƙe almakashi. Iya ta yi dariya, dariyar farko tun kwanciyarta.

Abin da aka samu mai ƙwari bai fi faɗin kallabi biyu ba, su ma da ɗigon baƙi a jikinsu. Ragowar Iya ta ce a haƙa rami mai tsabta a binne. Ta ɗauki guda ta ɗora a kan yadin Anacha, ta ce wannan zai rufe kaina, wancan ya rufe sauran, Allah ya san inda kowanne ya fito. Na ce Iya, na wanke shi da lemun tsami, ban sani ba ko zamzam ɗin yana nan. Ta ce wanda ya halicci rijiyar bai manta da yadin da aka tsoma a cikinta ba. Sannan ta ɗauki ɗayan ta miƙo wajen da take jin numfashina.

"Ungo naki. Albarkar da na sa miki ran nan a kan ƙarya ta sauka, ban ji daɗinta ba. Matso in sake."

Na matsa. Ta dafa kaina a tsakar gidan nan, rana tana dukanmu, ta sake.

Da Malam ya dawo ya tarar da mu muna cin abinci kwano ɗaya. Ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu. Iya ta ce a gaya wa mutumin nan ya iya zaɓen yadi, sai dai bai iya ƙarya ba, gara ya tsaya a kan albasarsa.

Iya ta ƙara shekara shida tare da mu. Ta yarda da gidan sauro, ba ta yarda da dodon koɗi ba. Duk ranar da rana ta fito ita ce take fara cewa a fitar da adaka. Da ta cika, ni da matar liman muka yi mata wanka, ni na ɗaura mata kallabin da hannuna. Tana nan kwance a maƙabartar Hausawa ta garin nan, kusa da inda aka sa ɗanta daga baya.

Nawa yana cikin akwatina mai ruwan ƙasa, a sama, ba a cikin leda ba. Ranar da za ku buɗe ba ni kusa, za ku ga wani ɗan ƙyalle da ya yi ja-ja don tsufa, da ɗigon baƙi a gefe, bakinsa ba a kalmashe ba. Na san halinku, wani zai ce tsumma ne, wata ta ce abin kunya ne a rufe Hajiya da wannan alhali ga sabo fari tas. Sauran yadin ku sayo duk inda kuka ga dama. Wannan shi za ku ɗaura mini a kai.